Dodon da Na Ƙera wa Binta

Zuwa ga Dije,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kin fi mu hutawa. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Babu direban da ke bin hanyar nan ya dawo balle in ba shi saƙo. Ko da ranki ma ba ki yarda da takarda ba. Kin sha cewa duk maganar da namiji ya kasa faɗa ido da ido, sai ya laɓe a bayan biro, to da walakin. Kin yi gaskiya. Da walakin.

Bari in fara da labarin gida, don na san halinki, in ban fara da shi ba ba za ki saurari sauran ba. Damina biyu ke nan da tafiyarki. Katangar nan ta wajen rijiya da kika yi ta cewa za ta faɗi, ta faɗi. Ɗanmu Kabiru ya sa an tayar da ita da bulo, ga ta nan tsakiyar ginin ƙasa kamar haƙorin Makka a bakin tsoho. Akuyarki mai ƙafa uku da rabi ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta daina cin sabulu ba. Iya Mairo ta bayan gida ta bi ki da azumin bara. In kun haɗu, don Allah ku bar maganar turmin nan haka, ya tsage tun tuni, ba naki ba nata. Ni kuwa idona na hagu ya yi yana, na dama yana shawara. Shi ya sa nake rubutun nan da hantsi a bakin zaure, inda haske ya fi yawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gobe Alhamis da safe Kabiru zai kai 'yarmu Binta wurin wani mai ruƙiyya a can gindin dutsen Kufena. Sharaɗin mutumin shi ne ta bar ƙwayar asibiti kwana arba'in, wai ƙwaya tana lulluɓe aljani ne, ba ta fitar da shi. Yau kwana shida ba ta sha ba. Kin san abin da hakan ke nufi fiye da ni. Abin da ba ki sani ba shi ne, ni na jawo. Ba Kabiru ba, ba matan unguwa ba. Ni, da bakin nan nawa da kika ce wata rana sai ya kai ni gaban alƙali.

Kin tuna zamanin da nake aikin majigi, muna bin ƙauyuka da mota da farin ƙyalle, ana nuna wa mutane yadda ake haƙa masai da yadda ake shuka gyaɗa a layi. Aikina in tsaya gefe da lasifika in gaya wa jama'a abin da Bature ke cewa. Yau zan faɗa miki gaskiya, ko da yake na san kin sani: Turancina bai taɓa kai rabin abin da nake fassarawa ba. Ragowar na kakata ne. Inda Turanci ya ƙare mini, sai in ɗebo daga tatsuniyar da ta shayar da mu, in cike gurbin. Babu wanda ya taɓa kai ƙara. Wani dagaci ma ya ce mini bai taɓa sanin Turawa sun iya habaici haka ba.

Bayan rasuwarki zama ya ishe ni. Gidan ya yi mini faɗi. Sai ga Ɗan'asabe, ɗan Mamman tela, ya zo har gida da ladabinsa. Ya mai da zauren ubansa na wajen Ƙofar Galadima gidan kallo. Talabijin ɗaya, akwatin bidiyo, benci shida, janareta a lungu, ya toshe tagogi da buhu don duhu. Daga azahar zuwa la'asar ake yi. Ya ce finafinan Indiya ba sa bukatar kowa, da an ga yarinya ta zagaya bishiya an san inda aka dosa. Amma akwai na Turawa masu ban tsoro, na dodanni da fatalwa, samari na son su, sai dai surutu ya yi yawa kafin abin ya fito, har wasu su fara gyangyaɗi. Yana son wanda zai riƙe masa jama'a. Na ce masa na tsufa. Ban kai ƙarshen maganar ba na riga na fara neman hulata.

Dije, na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye miki ba. Ga ni kan kujera kusa da talabijin, ga mutum hamsin sun zuba mini kunne, maɗinka da magina da 'yan makaranta da masu gyaran keke. In na sassauta murya zauren ya yi tsit, in na ɗaga a zabura. Wa ya ƙi wannan a shekaruna?

Kuma na yi ta mamakin dodannin nasu. Namu dodon, wanda kaka ta rene mu da shi, mai ƙa'ida ne. Yana can rafinsa ko kurminsa. Ba ya zuwa sai an je. Sai yarinya ta ƙi jin maganar uwarta, ko mutum ya yi alkawari ya saɓa, ko ya buɗe abin da aka ce kada ya buɗe. Ana ciniki da shi, ana yi masa wayo, wani lokaci ma abin dariya ne, ƙato sai ƙarfi babu dabara. In ya haɗiye gari, a ƙarshe a farke cikinsa kowa ya fito ya kakkaɓe rigarsa. In ka ji tsoronsa, tsoron rashin jin magana ka ji. Na Turawan nan kuwa babu ruwansa da laifinka. Har ɗaki yake iske mutum. Wanda bai ci ba bai sha ba shi yake zaɓa. Bindiga ba ta kama shi, likita ya duba ya rasa, ɗan sanda ya tafi bai dawo ba. Sai an ƙure duk dabarar ɗan Adam, sannan a tuna da wani tsohon fada, limaminsu, a je a ɗauko shi da gicciyensa da kwalbar ruwan addu'arsa. Duk finafinan hanyarsu ɗaya. Sai na ga ashe mutanen nan sun ajiye Allah a wani lungu ne sun manta inda suka sa Shi, sai suka ƙera abin da zai kora su da gudu su nemo.

Abin dariya, ki ga 'ya'yan birni, jikokin malamai, suna ihu suna goyon bayan fada. In ya ɗaga gicciye sai in ce musu ga malamin nasu ya fito da abin tsarinsa, in ya fara karatu in ce yana jan addu'o'insu. Su kuwa a benci kowa na a'uziyya. Ana tashi kuma sai masallaci. Liman da kansa ya tare ni ya ce bai san me Ɗan'asabe ke nunawa ba, amma tun da aka buɗe zauren nan sahun la'asar ya ƙaru da biyu. Na ce masa, Allah gafarta Malam, ai dodo ya fi ladan murya. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ni kuma na tafi gida ina jin kaina mai wa'azi. Ina ganin duk wanda na sa ya ga Shaiɗan ƙuru-ƙuru na matso da shi kusa da Ubangiji. Ban tuna ba cewa wanda aka koya wa ganin Shaiɗan ba a talabijin kaɗai zai tsaya nemansa ba.

Bayan ƙaramar Salla aka kawo wani kaset. Labarin 'yar wani manomi ce a ƙasar ƙanƙara, wani abu ya shige ta. Kaset ɗin ya sha hannu, hoton na rawa, muryar na shaƙewa, kuma Turancin irin na hanci ne, ko ɗaya cikin goma ba na kamawa. Rana ta farko na yi ta lalube, na ga mutane sun fara hira a baya, wani ma ya tashi ya fita. Kin san ba abin da na tsana kamar in ga ƙeyar mai saurarona. Aka zo inda yarinyar ta tsaya cak a tsakar ɗaki tana waige-waige tana magana, ban san me take cewa ba. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce musu tana tambayar uwarta ne ko wa ke ƙona tsumma, don ƙauri take ji, alhali babu wuta a gidan. Na ce wannan ita ce alamar farko in zai zo.

Zauren ya yi tsit. Wanda ya fita ma ya dawo.

Kin gane inda na ɗebo. Tun Binta na shekara bakwai, duk sanda ciwon zai tashi, sai ta ce Inna wa ke ƙona tsumma. Ke kuma ki ajiye duk abin da ke hannunki ki ja ta ɗaki ki saki labule. Shekara goma sha tara kina haka. Unguwa ta san Binta na da jiri, ta san tana da ciwon kai mai kayar da ita, amma ba ki taɓa bari kalmar farfaɗiya ta fita daga ɗakin nan ba, don kin san mutanenmu, kin san yadda ake gudun yawun mai ita, a ware masa ƙwarya, a hana shi aure. Ke da Sista Rahila ta asibitin Wusasa kuka riƙe abin tsakaninku, ita ta kawo ƙwaya duk wata, ke ki ƙirga mata safe da yamma. Abin da kika rufa shekara goma sha tara, ni na buɗe shi a wuni ɗaya don kada wani mai gyaran keke ya yi hamma.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma da na ga ta ci, sai na ƙara. Yarinyar ta faɗi, sai na ce su dubi hannunta, babban yatsa ya shige cikin tafi, sauran sun danne shi. Wallahi hoton bai nuna hannu ba, amma kowa ya rantse ya gani. Na ba su ƙarar nan guda ɗaya da ke fita kafin faɗuwa, na kwaikwaye ta da maƙogwarona. Sannan na ba su ta ƙarshe, wadda ko ke ba kya son tunawa. Kin san in ta farfaɗo, kafin hankalinta ya gama dawowa, sai ta dube ki kamar baƙuwa ta kira sunanki gatsal, Dije, ba Inna ba. Na ce musu ga babbar shaida cewa ba yarinyar ke magana ba, wani ne a cikinta, don babu 'yar halak da za ta kira uwarta da sunanta. Wani dattijo a benci na biyu ya yi salati da ƙarfi.

Mako uku ana nuna kaset ɗin nan, kullum zaure cike. Kullum ina maimaitawa ina gogewa, har ya yi santsi. Maza suka kai labarin gida, mata suka kai shi bakin rijiya da gidan biki. Yara suka mai da shi wasa, wannan ya ce wa ke ƙona tsumma, sauran su watse da gudu. Na ji su da kunnena a lungunmu. Na yi murmushi, Dije. Murmushi na yi.

Kakata tana da doka biyu. Ba a tatsuniya da rana, kuma ba a tashi sai an rufe ta da ƙurunƙus. Muna yara mun ɗauka al'ada ce kawai. Sai yanzu na gane ƙurunƙus ɗin nan ita ce murfin tulu. Mai ba da labari ne ke cewa jama'a ƙarya na shirga muku, kowa ya je ya kwanta, dodo ya koma inda ya fito. Fim ba shi da ƙurunƙus. Rubutu ne ke hawa sama, Ɗan'asabe ya kashe janareta, a yaye buhu, mutane su fito cikin rana tsaka da abin a ƙirjinsu. Ni da na san doka, na karya duka biyun, kullum, har mako uku.

Sai aka yi suna a gidan Malam Iro. Binta ta je, ta tafi da aikinta na ɗinkin hannu ma, wata riga mai aska biyu da take yi wa wani ɗan kasuwa. Hannunta ya ƙara kyau bayanki, har daga Gyallesu ake kawo mata aiki. Ana cikin rabon waina, mata cike da tsakar gida, ta ɗaga kai ta tambayi wadda ke kusa da ita ko wa ke ƙona tsumma. Aka ce mini kafin ta kai ƙasa tsakar gidan ta zama fili. Wata ta bar takalmi, wata ta bar goyo sai da ta dawo ta fizge shi. Suka tsaya daga bakin ƙofofi suna leƙe suna nuna wa juna yatsan. Ita kaɗai a kan daɓe, kanta na bugun gefen turmi, babu wanda ya matsa. Da ta buɗe ido, Hajiya Kaka, uwar Malam Iro, ita ce ta yi ƙarfin halin tsayawa a kanta da carbi. Binta ta dube ta ta kira ta da sunan yanka, sunan da rabin matan gidan ba su taɓa jin an furta ba. To, me ya rage? Duk abin da na faɗa a gidan kallo ya cika, ɗaya bayan ɗaya. Har aka fara cewa ashe ina da sani.

Tun ran nan ba a sake kawo mata aiki ba. Ɗan kasuwar nan ya aiko a karɓo rigarsa ba a gama ba, aka ce ya ba da ita an wanke da ruwan magarya. Yara ba sa shigowa ɗibar ruwa. Da a ce gudunta kawai ake da na ce mun saba ganin irinsa. Amma tausayinta ake ji, tausayi mai zafi, kowa da malamin da ya sani.

Kabiru kuwa, kada ki ga laifinsa da yawa. Kin san shi da ƙanwarsa. Ranar da ya ga goshinta a fashe sai da ya shiga bayan gida ya yi kuka. Yanzu shi ke riƙe da gidan, shi ke cefane, kuma ya yi karatun addini fiye da ni nesa ba kusa ba. Na zaunar da shi na ce ciwo ne, na asibiti, tun tana ƙarama, uwarku ta sani. Ya ce in ciwon asibiti ne me ya sa shekara ashirin da ɗaya asibiti bai warkar ba. Na ce ba a warkewa, riƙewa ake. Ya ce Baba ko ka musa akwai aljannu. Na ce ina ni ina musa abin da Alƙur'ani ya faɗa. Ya ce to ba da bakinka ka lissafa wa duniya alamominsu ba? Na ce ƙarya na yi, daga jikinta na kwasa na liƙa wa fim. Sai ya ce, cikin ladabi, wanda ya ce jiya ƙarya ya yi, da me za a auna maganarsa ta yau. Dije, har yanzu ina neman amsarsa.

Na koma zauren Ɗan'asabe, na sa aka tsayar da kaset ana tsakiyar kallo, na miƙe na ce jama'a duk abin da na faɗa a kan ƙaurin tsumma da yatsa da kiran suna, babu shi a fim ɗin, ni na ƙirƙira. Na ce ƙurunƙus. Da ƙarfi na faɗa, ni tsoho, tsakar rana. Wasu suka yi dariya suna zaton sabon salo ne. Sauran suka sunkuyar da kai. Da na fito na ji wani na cewa Allah sarki, uba ai uba ne, dole ya rufa wa 'yarsa asiri. Ƙaryata an karɓa hannu biyu, gaskiyata an yi mata uzuri. Ban sake komawa ba. Wani ɗan kwaleji ke yi musu yanzu, an ce Turancinsa ya fi nawa, kuma an ce ana gyangyaɗi.

Na je wurin Liman. Ya ce a yi mata addu'a kuma ta sha maganinta, ai ba kishiyoyin juna ba ne, wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani. Ya kira Kabiru ya gaya masa haka. Kabiru ya durƙusa ya saurara, ya yi godiya, ya fito ya ce mini Liman mutumin kirki ne amma wannan fanni ba nasa ba ne. Ni ba karatun nake tsoro ba, Dije. A karanta mata Alƙur'ani daga Baƙara har Nasi, ni zan riƙe buta. Kwana arba'in ɗin nake tsoro. Kuma an ce mutumin na turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, yana kuma sa tsumagiya, wai ba mara lafiyar ke jin zafin ba, na cikinta ne.

Shekaranjiya Sista Rahila ta zo, ta hau motar haya da ƙafar nan tata mai ciwo. Ta tsufa, amma bakin na nan. Ba ta ko zauna ba ta fara da ni. Ta ce Malam Sule ka ji kunya, da Dije na nan da ka kwana a zaure wata guda. Na ce ko shekara ta ce na yarda. Ta ce kada in ɗauka mu kaɗai ne, su ma can wajensu samarin coci sun taso, kowane zazzaɓi sai sun ce a fitar da iska, har ta gaji da faɗa. Ta ce shekara talatin tana aikin jinya, ta ga ciwon nan a jikin ɗan fasto, ta gan shi a jikin ɗan liman, bai taɓa tambayar kowa addininsa ba, kuma farar ƙwaya ɗaya ce ke kwantar da shi. Sannan ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce wanda ya daɗe yana sha in ya bari farat ɗaya, ciwon kan zo a jere, wani kan wani, babu farfaɗowa a tsakani, kuma ta ga waɗanda ba su tashi ba. Ta ce in ya wuce yadda ya saba, kada a tsaya komai, a nemi mota. Ta damƙa mini ƙwayar a ƙullin takarda. Ta shiga wurin Binta suka daɗe. Da ta fito ta gyara ɗankwalinta ta tafi, ko rakiya ba ta jira ba.

Nan ne inda ƙarfina ya ƙare, Dije. Da Kabiru ne ke jan ta da ƙarfi, da na kwanta a bakin ƙofa na ce sai dai a taka ni. Ba jan ta ake ba. Ita ke son zuwa. Ita ta ajiye ƙwayar da hannunta.

Jiya da yamma na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, yadda na faɗa miki yanzu. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na jiya ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta tashi ta bar ni. Ba ta ɗaga kai daga faifan ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta ji yara na wasan a lungu, don ba wanda ya san maganar tsumma sai mu uku, ɗaya kuma tana ƙasa. Ta ce ta yi fushi kwana biyu, sannan ta yi tunani. Ta ce Baba tun ina shekara bakwai ake ce mini abin nan ba ya tafiya, nawa ne, da shi za a binne ni. Yanzu an ce ba nawa ba ne, baƙo ne, yana da suna, ana iya yi masa tsawa ya fita. Ta ce ko ƙarya ce, ka bar ni in gwada ta kwana arba'in, ai na gwada gaskiya shekara ashirin da ɗaya.

Me zan ce mata? Ke da kin san abin faɗa. Ni duk tatsuniyoyin da ke cikina babu wadda ta zo. Sai a lokacin na gane abin da ke cika zauren Ɗan'asabe. Ba tsoro suke saye ba, sauƙi suke saye. Mugun abu mai fuska, mai jin sunan Allah ya yi ƙara ya gudu, ai rahama ne in aka gwada shi da wanda ba shi da fuska, ba ya jin komai, yana zaune cikin kan 'yarka kawai don haka aka rubuta. Na ba Binta dodo, ta karɓa da godiya, kuma ba ni da abin da ya fi shi da zan ba ta ta sake shi.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce in bi su goben. Ta ce in ta faɗi a can ta san ba mai taɓa ta, almajiran malamin za su tsaya nesa suna karatu, Yaya kuma ba zai iya ba. Ta ce Baba kai za ka riƙe ni yadda Inna ke yi.

Na ce to. Da sauri na ce to, kamar abin da na saba.

Dije, ban san yadda kike yi ba. Shekara goma sha tara, duk sanda kika ja ta ɗaki, ni a bakin ƙofa nake tsayawa, labule a hannuna, ina cewa ina gadin kada wani ya shigo. Kallo nake. Na san yatsan, na san ƙarar, na san yadda idon ke juyewa, na haddace su har na iya sayar da su. Amma hannuwanki ban taɓa dubawa ba. Na san kina durƙusawa. Na san akwai abin da kike yi da zanenki, ko naɗe shi kike ki tura ƙarƙashin kanta, ko share mata baki kike, ban sani ba. Akwai wata magana da kike yi mata a kunne, ƙasa-ƙasa, har ta dawo. Addu'a ce? Waƙa ce? Ko sunanta kawai kike kira? Sista Rahila ta ce a kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata komai a baki, kada a danne ta. Wannan na littafi ne, na riƙe. Naki nake tambaya. Ta wane gefen kike juya ta, wajenki ko wajen bango? Da ta buɗe ido ta kira ki da sunanki, me kike amsa mata da har ba ta jin kunya daga baya?

Gobe in ta dube ni ta ce Sule, zan amsa. Iyakar abin da na tabbatar zan iya ke nan.

Rana ta bar bakin zaure, idon ya fara gardama. Ki yafe mini abin da na yi da sirrinki. In ana ba ku izinin roƙo a inda kuke, kada ki ɓata shi a kaina, ki yi wa yarinyar nan. Allah Ya jiƙanki, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki mai dogon baki,
Sule na majigi, cikin ganuwar Zazzau, ranar Laraba.